Ranar Da Na Tsallakar Da Wakilin Ango Ta Katanga

Komai tsufan da zan yi, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin ɗaurin auren Nura ba. Har yau idan na tuna, ko a cikin adaidaita sahu nake, sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A wani kamfanin jima nake aiki a Challawa, ni ne mai kula da sito. Shekara da shekaru, duk wata tafiyar biki ko ta'aziyya da ta taso wa ma'aikata, 'yar ƙaramar motata ce a gaba, ni ne madugu. Ana cikin haka Sabi'u, abokin aikina na ɓangaren injina, ya tayar da wata tsohuwar jif da mahaifinsa ya bari, irin ta shiga dajin nan mai kama da akwati. Da hannunsa ya gyara ta a ƙofar gidansu. Ranar da ya shigo da ita kamfani, koriya shar, hatta manaja sai da ya fito ya zagaya ta. Ni ma na ce, "Allah ya sa a kashe lafiya," amma wallahi a baki ya tsaya. Hassada ce ta kama ni, ba wani suna da zan sa mata.

Abin da ya ƙarasa ni, sai Nura, wani ma'aikacinmu, ya sa ranar aurensa a wani ƙauye can wajen Jigawa, ga damina, hanya duk taɓo. Ina ji ana cewa, "Ai sai motar Sabi'u." Nan take na buɗe baki na ce ni zan ɗauki ango da wakilinsa, a jif ɗina. (Lokacin ko sitiyarin jif ban mallaka ba.)

Na sayar da 'yar motata, na samo wata gawar jif a bayan wani sito a Bompai, kaji har sun yi ƙwai a kujerar baya. Aka janyo ta zuwa gidana a Sharaɗa, tayoyi a sace, aka tura ta tsakar gida, na rufe get. Duk ranar hutu ina ƙarƙashinta. Hadiza matata ta koma shanya a bayan kicin, yara suka koma wasa a waje.

Ba mota nake gyarawa ba, Sabi'u nake gyara wa zama. Idan na je aiki sai in zagaya tasa kamar mai neman inuwa, ina ƙare mata kallo. Tayoyinsa manya ne? Na sa waɗanda suka fi su. Yana da kariyar kaya a sama? Na sa mai walda ya zo har gida ya ƙera mini mai hawa biyu, har da fitilu.

Hadiza ta ce, "Abban Ummi, ba za ka fita da ita ka ɗan gwada ba?"

Na ce, "Don 'yan gulma su kai masa rahoto? Ranar za su gan ta, gaba ɗaya."

Gwajin da na yi mata bai wuce gaba kaɗan, baya kaɗan, tsakanin rijiya da bishiyar gwaiba ba.

Ranar Asabar da hantsi layinmu ya cika da abokan aiki, kowa ya sha shadda. Sabi'u ma ya zo ya faka tasa a gefe. Na dage sai ango da kawunsa Malam Hudu sun shiga motar tun daga cikin gida, don a buɗe get a gan mu mun fito da girma. Malam Hudu dattijo ne mai furfura, kuma shi ne wakilin ango, sadaki na aljihunsa, ƙullin goro na kan cinyarsa. Idan bai isa ba, babu ɗaurin aure.

Aka wangale get. Na danna hon, na kunna fitilu da rana tsaka. Hancin mota ya leƙa waje, mutane suka ɗau sowa. Na hango Sabi'u yana ɗaga hannuwa biyu yana kaɗawa. A raina na ce, ka gani, baƙin ciki ya fara cinsa. Sai na ƙara taka totur.

Ƙuuuu! Garam!

Kariyar nan mai hawa biyu ta cusa kanta ƙarƙashin kankaren saman get. Motar da ta shiga a durƙushe, ni da kaina na ƙara mata tsayi da manyan tayoyi da kariya, ban taɓa tunanin ta ina za ta fita ba. Kankaren ya tsage ya zauna daram a kanta. Ƙofofinmu kuwa sun daidaita da ginshiƙan get, ko yatsa ba ya shiga. Na sa ribas, jama'a suka yi ca: "Kar ka motsa, zai rufto!"

Malam Hudu ya gama salati, ya juyo a hankali ya ce, "Yaro, mun iso ne?"

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, 'yar matsala ce."

Ta ƙofar bayan motar muka fita, wato muka koma cikin gidan da mota ta toshe. Hanya ɗaya ta rage: tsani. Ni na riƙe shi da hannuna, dattijon nan ya tattare babbar rigarsa ya hau katangata, hularsa ta faɗo cikin kwata, ango na turo shi ta baya. A waje abokan aiki suka tare shi kamar buhun gero, wasu na ɗauka a waya. Hadiza na tsaye bakin kicin, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Na leƙa ta saman katanga ina kallo aka sa Malam Hudu a gaban jif ɗin Sabi'u, ango ma ya tsallaka ya shiga baya. Na shirya wa dariyar Sabi'u, har na tanadi amsa. Sai ya matso, fuskarsa cike da murna ta gaskiya, ya ce, "Kai, mutumina! Ashe kai ma kana wannan harkar ka ɓoye mini? Wallahi aikinka ya yi kyau. Ni kaɗai nake ta fama, ba wanda zan yi hirarta da shi. Bari mu dawo, gobe in zo da jak mu fito da ita tare."

Wannan magana ta fi faɗowar kankare ciwo. Watanni ina tseren da ni kaɗai na san ana yi.

Sun isa a kan lokaci, aka ɗaura aure. Ni kuwa na wuni a tsakar gida da shaddata, ina miƙa wa maƙwabta yara ta katanga za su Islamiyya.

Ban ce na daina hassada ba, ƙarya ba kyau. Amma yanzu idan ta motsa, kafin in auna abin wani, sai in fara auna ƙofar gidana.