Yadda Za Ka Zaɓi Kansila da Barcin Jaririnka

A ce kaka ta shigo, ganye ya yi ja, motocin 'yan takara sun fito da lasifikokinsu. Kai kuma ga yara biyu, ko farce ba ka samun sukunin yankewa, balle ka zauna karanta manufofin wani. Kwantar da hankalinka. Hanyar nan za ta fitar maka da ɗan takara ba tare da ka karanta layi ɗaya ba, kuma ba ta taɓa kasawa ba. Maƙwabcina Shibata ya gwada ta bara, da shi zan riƙa ba ka misali.

Mataki na 1: Samo jariri mai wuyar barci

Na Shibata sunansa Kota, wata goma. Sai an yi minti arba'in ana jijjiga shi ana zagaye ɗaki kafin ya rufe ido. Idan naka mai sauƙin barci ne, tafi ka karanta jarida kamar sauran marasa sa'a.

Mataki na 2: Manna sunayen a jikin firij

Kwafo su duka daga allon hotunan 'yan takara da ke bakin hanya. Duk motar da ta shigo layinku tana ihun suna, ana ɗaga farar safar hannu ta taga, har yaro ya farka, ja layi ka soke mai ita. Babu ɗaukaka ƙara. Masana sun tabbatar cewa mai tada jariri ba zai iya riƙe gari ba. Ni ne masanan.

Mai motar gasasshen dankali shi ma da lasifikarsa yake yawo, ya kuma fi su ƙara. Kada ka taɓa shi. Shi aƙalla in ya yi alkawari yana miƙo maka abin da zafinsa.

Mataki na 3: Kada ka saurari matarka

Nan mutane ke faɗuwa. Matar Shibata, Chie, uwar Kota da yayarsa Nagi, kantin magani take aiki, an kuma ce za a riƙe mata gurbinta zuwa Afrilu kawai. In Kota bai samu wuri a gidan raino ba kafin nan, aiki ya tafi. Gidan rainon unguwa kuwa cike yake maƙil. Mutum ɗaya ce ke maganar mayar da tsohon ɗakin karatun da aka rufe gidan raino kafin Afrilu, wata tsohuwar malamar makaranta, Hamaguchi. Da yake da masu ƙananan yara take magana, layinsu ta fi shigowa. Sau uku ta tada Kota ranar Asabar ɗaya.

“Baban Nagi, me ya sa ka soke wannan har takardar ta yage?”

“Sau uku fa, Maman Nagi. Kina kasuwa, ni na sha jijjigar.”

“Ka dai ji abin da take faɗa?”

“Ina zan ji, yaro na tsala ihu a kunnena?”

“To, sannu da ƙoƙari. Yini ɗaya ka yi raino, ka zama alƙali.”

Ka ga irin tarkon da nake faɗa maka. Buɗe firij kamar kana neman wani abu.

Mataki na 4: Yaɗa ilimi

Ranar Lahadi kai yara filin wasa. Yayin da suke cika aljihu da 'ya'yan itacen da za su fitar da tsutsa cikin aljihun tebur bayan mako biyu, kai ka koya wa sauran iyaye maza hanyar. Shibata ya samu almajirai shida a zama ɗaya. Ɗayansu har da rusunawa, yana maƙala wa sunansa “san” na girmamawa.

“Shibata-san, ka cece ni. Da yanzu ina can ina tunani.”

Mataki na 5: Rubuta sunan da ya rage

Ranar zaɓe riƙo hannun babbar 'yarka, ku je makarantar firamare, ɗauki fensir ka rubuta sunan a takardar ƙuri'a. A takardar Shibata suna ɗaya ya tsira, wani Okubo, wanda motarsa ba ta taɓa taka unguwar ba. Ga mutum mai kunya da sanin ya kamata.

Nagi, 'yar shekara huɗu, ta ja masa riga.

“Baba, ka san shi?”

“A'a.”

“Shi ya san mu?”

Yara ba su fahimci siyasa ba. Saya mata dankali.

Sakamako

Okubo ya shiga majalisa a kujerar ƙarshe. Hamaguchi ce ke bin sa, ƙuri'a huɗu tsakaninsu. Shibata ya ƙirga kansa da almajiransa a yatsu, ya mayar da hannun aljihu, bai gaya wa kowa ba sai ni. A watan Fabrairu takarda ta zo cewa Kota bai samu wuri a gidan raino ba. Chie ta karanta a tsaye, ta goge farar rigar aikinta, ta ninke, ta mayar wa kantin magani da kanta. Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ƙona masa rai.

Gargaɗi

Ɗan takara na ce zan fitar maka, kuma ya fito. Aikin matarka, da kallon da take maka in ta miƙo maka shinkafa, duk ba su cikin yarjejeniya, kada ma ka ƙwanƙwasa min ƙofa. Zaɓe na gaba sai bayan shekara huɗu. Lokacin Kota ya kusa shiga firamare, ba ya bukatar raino, kana iya karanta duk abin da ka ga dama.