Ranar da Amfilifayata Ta Shiga Addu'ar Fasto

Ko na tsufa haƙora sun zube, ba zan manta da ranar walimar sallamar ƙanwata Rifkatu ba, a gidanmu da ke unguwar Television a Kaduna.

Lokacin wani sabon zazzaɓi ne ya kama ni: haɗa amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, da hannuna. Na kalli bidiyo a intanet har ido ya yi ja, na sayo ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu da masu gyaran rediyo ke kira aisi, na liƙa wayoyi da dalma, na cusa komai cikin gwangwanin biskit. Da na jona lasifika ta yi magana, sai na ji duk faɗin Kaduna babu injiniya kamata (ni da na karanta aikin gona).

Mama ta so a ɗauko masu hayar kayan sauti daga Kamazou. Na ce Allah ya kiyaye.

"Mama, kina da ni a gida za ki kira bare?"

"Kai dai kada ka ba ni kunya gaban surukai," in ji ta.

Ranar biki aka kafa rumfa, dangin ango suka iso daga Gonin Gora cikin anko, matan zumunta na cocinmu suka cika kujerun gaba. Wayar makirfo ta yi gajarta, sai na ƙara ta da wata doguwar tsohuwar waya, na ratayo ta ta kan igiyar shanya. Na gwada, "Halo, halo," ta ɗauka raɗau. Na zauna gefen gwangwanina ina ta baza kafaɗa, duk wanda ya wuce sai na ce masa, "Ni na haɗa fa."

Baba Fasto ya miƙe, kowa ya sunkuyar da kai, wuri ya yi tsit. Ya fara: "Ya Ubangiji, ga 'yarka za ta shiga sabon gida. Muna roƙonka ka ba ta..."

Sai wata ƙatuwar murya ta fito daga lasifikata: "...maganin basir mai tsiro da marar tsiro! Sha yanzu, zauna lafiya!"

Wata tsohuwa da ba ta ji sosai ta ɗaga hannu ta ce, "Amin!"

Ashe doguwar wayar nan ta zama eriya, ta jawo mana tashar rediyo (wannan daga baya na gane, a lokacin na zaci aljanu ne). Na duba in kashe, sai na tuna ban sa makunni ba, wai sai an gama biki. Na kai hannu cikin gwangwani, aisi ya yi zafi kamar kaskon ƙosai. Na yi ihu "Wayyo!" daidai bakin wani makirfo da na ajiye kusa da ni. Mai magani kuwa bai fasa ba, har ya shiga bayanin kumburin ciki kafin na fizge wayar batir.

Matan zumunta suka toshe baki da gyale, kafaɗu na rawa. Rifkatu ta yi dariya har kwalliyarta ta zube. Mama kuwa kallo ɗaya ta yi mini, na gwammace duka. Baba Fasto ya gyara murya ya ce, "To, Ubangiji, har da wannan ma, ga mai bukata," ya ƙarasa addu'arsa da bakinsa.

Ina naɗe wayoyi ina neman ƙasa ta tsage, sai wani dattijo, kawun ango, ya ja ni gefe. Na ce shi ke nan, faɗa ya zo. Ya rage murya ya ce, "Ɗana, ka yi saurin kashewa. A ina mutumin ya ce shagonsa yake?"

Masu tambayata ko haɗa amfilifaya a gida ya cancanci wahalar, ina ce musu ƙwarai kuwa, za ka koyi abubuwa da yawa. Ka dai koye su a ɗakinka, ƙofa a rufe, ba gaban surukai ba.