Sunan da Na Raɗa wa Ƙauyen Liman

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya cinye mini sauran tunani, da ranar da kwamfuta ta tona mini asiri a Anka.

Lokacin ina aikin shigar da bayanai a wani shiri na awon jinin yara saboda gubar dalma. Manhajar ƙididdigar da muke aiki da ita tana raba jadawali ƙauye-ƙauye, kuma duk laƙabin da ka ba rukuni, shi take ɗorawa a samansa da manyan baƙaƙe. Akwai wani ƙauye da iyaye suka daina kawo yaransu awo na biyu. Haushi ya kama ni, sai na sa wa rukuninsu "Garin Masu Taurin Kai", wai ni kaɗai zan gani. (Ni fa a lokacin ji nake duk Zamfara ba wanda ya kai ni iya kwamfuta.)

Aka kira taro da dattawan ƙauyuka don a lallashe su su dawo da yaran, domin yaron da ba a sake aunawa ba, maganinsa tsayawa yake. Na zauna na ƙawata babban taken rahoton, har da canza masa launi. Taken rukunan da ke ƙasa kuwa ko leƙawa ban yi ba.

Aka kunna majigi, ina ta zuba bayani, na gangara shafi na gaba. Innalillahi! Ga sunan nan ɓaro-ɓaro a bango. Shugabarmu ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na rasa inda ake kashe abin.

Limamin ƙauyen da na sa wa sunan, wani dattijo mai makarantar allo, ashe yana karanta boko. Ya gyara zama.

"Ɗana, wa ya raɗa muna sunan ga? Ba mu ga rago ba."

Na ce, "Allah gafarta Malam, kuskure ne."

"A'a, kuskure daban. Wanga abin da ke ranka ne." Ya dube ni. "Cikin waɗanda ka ƙidaya ba su dawo ba, biyu jikokina ne. Mun bizne su. Uwayen sauran tsoro ya kama su, suna ganin duk wanda aka ɗebi jininai tafiya zai yi. Ba wanda ya zo ya tambaye mu."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa a gabansa.

Ya ce, "Tashi. Za mu kawo su, ɗiyanmu ne, ba naka ba."

Sun kuwa kawo su. Tun daga ranar nake bin kowane take layi-layi kafin rahoto ya fita. Amma gyaran take ai minti ɗaya ne. Abin da ya ɗauke ni shekaru shi ne koyon tambayar mutane dalili kafin in yi musu suna.