Yadda Za Ka Kashe Ciyawar Shayin Matarka Cikin Mako Uku

Masana sun ce ciyawar shayi, wannan mai ƙamshin lemo, ba ta mutuwa. Ka ba ta rana, ka ba ta ruwa jefi-jefi, ka manta da ita, ta cika maka lungu. Masanan ba su san ka ba ne. Bi matakan nan a jere, na yi maka alkawari kafin uwargida ta dawo daga jinyar yayarta, ciyawar da ta shekara goma sha ɗaya a bayan kicin za ta koma tsintsiya.

Sharaɗi ɗaya ne: ba kowace ciyawa ba. Sai wadda ta tsago daga gidan mahaifiyarta a makon da aka yi rasuwar, ta riƙo ta a cinya cikin mota har gida. Wadda aka saya a bakin titi, ko ka kashe ta ba ka yi abin a zo a gani ba.

Mataki na 1: Karɓi amana, kada ka saurara

A bakin ƙofa, jaka a hannu, za ta ce, "Baban yara, ga ciyawar Inna nan. Kwano ɗaya na ruwa duk bayan kwana biyu. Ban da wannan kada ka yi mata komai."

Ka ce, "Haba, ni za a koya wa ciyawa?" Tuna mata kana da digiri. Ba laifi don a fannin tarihi ne. Mutumin da ya san dalilin rushewar dauloli ba zai tsaya a kwano ɗaya ba.

Mataki na 2: Zurfafa bincike

Ɗauki waya ka karanta duk abin da aka rubuta kan wannan ciyawa, musamman wanda mutanen ƙasashen sanyi suka rubuta, waɗanda ke ɓoye tasu a ɗaki. Maƙwabcinka mai gyaran rediyo zai leƙo ta saman katanga ya gan ka tsaye a kanta da waya.

"Malam, lafiya? Ta yi laifi ne?"

"Nazari nake yi."

"Da ka ƙyale ta kawai."

Yi masa murmushin da ake yi wa mara takarda. Gaskiya ne tasa ciyawar ta kai masa ƙugu, amma sa'a ce. Bai san dalilin da ya sa ta yi kyau ba, kai kuwa za ka san dalilin komai.

Mataki na 3: Tausaya mata

Dubi yadda rana ke dukanta tun hantsi har la'asar. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya ji ƙanta. Tono ta da shebur, in saiwa ta tsinke kada ka damu, tana da yawa. Saka ta a bokitin fenti mai kyau, ka ajiye a inuwar baranda kusa da kujerarka, inda za ka sa mata ido. Kada ka huda ƙasan bokitin. Bokiti ne lafiyayye, wata rana zai yi amfani.

Mataki na 4: Ruwa

Safe, rana, yamma. In ganye ya fara rawaya, ƙishi ne, ƙara. In ya ƙara rawaya, yunwa ce: samo ɗanyen kashin kaji ka zuba mata da hannu sake. Ka sani, duk abin da kaɗan ɗinsa ke da amfani, mai yawansa ya fi.

Mataki na 5: Aski

A mako na biyu za ta kwanta. Ɗauko almakashin ɗinkin uwargida ka rage mata nauyi. Gefen ganyen yana da kaifi, zai yanke ka a yatsa. Ɗauki wannan a matsayin butulci, ka aske ta har ƙasa.

Mataki na 6: Amsa waya

Za ta kira. Bayan ta gaya maka jikin Yaya da sauƙi, za ta tambaya.

"Yaya ciyawar Inna?"

Kada ka yi ƙarya, ƙarya ba ta dace da mai shekarunka ba. Ka ce, "Tana samun kulawar da ba ta taɓa samu ba."

Za ta ce, "Turo min hotonta."

"Wayar nan kwana biyu sai a hankali."

"Baban yara, me ka yi?"

Ka ce ba ka ji sosai, ka gaishe da mai jiki.

Mataki na 7: Kawar da shaida

Ranar da barandar ta fara wari, sauro ya buɗe makaranta a bokitin, aiki ya kammala. Juye shi a bayan katanga kan tarin shara, cikin rana, ka juya baya. Je wurin mai sayar da shuke-shuke a bakin titi ka zaɓo ciyawar shayi mafi girma, da ledar da aka raine ta a ciki. Zai ce, "Yallaɓai, a yage ledar kafin a binne." Kai ba yau ka fara jin shawara kana wucewa ba. Binne ta a tsohon gurbin, ka daddanna ƙasa, ka watsa busasshen ganye don wurin ya yi kama da ya daɗe. Ciyawa ai ciyawa ce. Duk ƙamshinsu ɗaya.

Mataki na 8: Tarbi uwargida

Shirya jawabi. Ba za ka yi amfani da shi ba, domin ko jaka ba za ta shigar ɗaki ba, bayan kicin za ta nufa. Tsaya a bayanta ka ce, "Kin ga yadda ta yi ƙiba?"

Za ta tsuguna, ta tona gindin da yatsa ɗaya, ta jawo bakin baƙar leda.

"Inna ba ta ba ni leda ba."

A nan kada ka kawo maganar digiri.

"Ina take?"

Nuna mata da hannu. Za ta zagaya bayan katanga da kayan tafiyarta a jiki, ta durƙusa a kan shara tana ture ɓawon lemo da tokar murhu. Ba za ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ka samu abin cewa. Kai dai tsaya riƙe da jakarta, tunda an samu aikin da ka iya.

Can a tsakiyar ruɓaɓɓen dunƙulen za ta ga tsiro biyu, kore shar, ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba. Kwana takwas ke nan ciyawar tana shan rana babu mai nazarinta. Mai gyaran rediyo zai leƙo, don ba ya rasa irin wannan.

"Sannu da dawowa, Maman yara. Ai tun da Malam ya sallame ta ta fara samun sauƙi."

Za ta ɗauko dunƙulen da hannu biyu, ta goge ido da kafaɗa, ta wuce ta gabanka. Ta leda za ta tumɓuke, ta mayar da ta Inna gurbinta, ta zuba kwano ɗaya. Sannan ta miƙo maka sayayyarka.

"Wannan taka ce. Kula da ita yadda ka iya." Ta dubi ciyawar a hannunka. "Allah ya ba ki haƙuri."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin ciyawar da ta ƙi mutuwa. Alkawari ya tsaya kan wanda ya ci gaba da kulawa har ƙarshe, kai ne ka yi gaggawar jefarwa. Haka nan babu ruwansa da almakashin da ya dakushe, da shayin da za a riƙa kawo maka babu ƙamshi, da surukai da za su ji labarin kafin ka gama wanke hannu. Wanda kuma aka hana shi bi ta bayan kicin har illa masha Allahu, ya sani ta ƙofar gaba ma ana zuwa wurin shanya. Ta ɗan fi nisa ne kawai.