Ciyawar da Jakina Ya Shuka

Ba zan taɓa mantawa da damunar da kashin yawo ya cinye mani gona ba, kuma har gobe in na tuna raina ɓaci yake. Lokacin ciyawar baƙuwa ce a wajenmu. Tofa mun sani, ƙuduji mun sani, amma wannan la'ananniya mai ƙaya kamar ƙahon rago, ko akuya ba ta ci, sai dai ta maƙale mata a gashi.

Gonata tana gindin ganuwar Ruma. Wanda ya san yadda mahara ke ɗauke mutum a gonar nesa ya san darajar irin wannan wuri. Maƙwabcina Tanko ya daɗe yana cewa kunya goma na bakin iyaka na ubansa ne. To ruwa ya sauka, gonar kowa fes, tawa kaɗai ta rufe da ƙaya. Me za ka ce in kai ne? Na ce Tanko ne ya watsa mani iri don in gaji in bar masa.

Mai ɗakina Dije ta ce, "Malam, da ka bi a hankali." Na ce ta tsaya a kan tukunyarta. (Da na ji, da yanzu ina da kunya goma da mutuncina.)

Na tafi ƙofar Mai Gari bayan sallar Juma'a, lokacin da jama'a ta fi cika, don ina so kowa ya ji. Na ce, "Ranka ya daɗe, in ƙarya nake yi wa Tanko, a ba shi kunyoyin nan har abada!" Ba wanda ya tambaye ni rantsuwa. Ni na kawo abata.

Tanko ko gezau. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a je a gani."

Aka ɗunguma, ina gaba ina huci. Wani dattijo, Baba Ɗanjuma, ya tsaya yana ta kallon ƙasa. Ya ce, "Ikon Allah. Wannan ciyawa ta san layi. Ga ta gungu-gungu, taku goma goma, kamar inda ake juye mangalar taki."

Nan na daina huci.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Da rani fatake sun yi kwanaki a zango da jakunansu, suka bar kashi tuli. Tsakar rana, kowa na inuwa, nake lallaɓawa da jakina in kwaso, don kada wani ya raba da ni. Takin banza, na ce. Mangalar kuma da huda a gindi, rowa ta hana ni kai ta a ɗinke.

Baba Ɗanjuma ya bi ciyawar, jama'a suka bi shi. Siririn layi kore ya fita daga gonata, ya bi hanya, ya ratsa ta ƙofar gidana (har da ɗan gungu inda jakin kan tsaya shan ruwa), bai tsaya ba sai zango.

Tanko ya ce, "Maƙwabci, ashe da jakinka nake zuwa yi maka sharrin? Ka gaishe shi."

Har Mai Gari sai da ya rufe baki da rawani. Ya ce kunya goma na Tanko ne, tunda ni na faɗa, amma ba a ba mutum gona da ƙaya, sai na cire ta tas. Damuna uku ina duƙe ina yi wa ƙato noma, yana wucewa yana ce mani sannu da aiki.

Na sayar da jakin, munafuki. Yanzu in abu ya lalace mani, kafin in je ƙofar Mai Gari sai na fara duba gindin mangalata.