Ta'aziyyar Hajiya Bilki ta Ojoo

Ko na tsufa haƙora sun zube, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kwashi matan unguwarmu ta Sabo cikin bas muka tafi ta'aziyyar matar da ba a taɓa haifa ba.

Sana'ata yaji ce da dambun nama, a cikin gida nake yi. Kayan haɗi maigidana ke kawo min daga kasuwar Bodija, ni kuma in daka in ɗura a roba in ɗora hoto a guruf ɗin matan unguwa. To amma guruf ɗin nan kowa mai sana'a ce. Kina ɗora yajinki, kafin ki ajiye waya an binne shi da hotunan atamfa, turaren wuta da "a tura wa mutum goma". Haushi ya ishe ni. Sai na tono tsohuwar wayar maigidana Baban Amira, wadda fuskarta ta tsage aka ɗaure bayanta da kyauro, na sa mata sabon layi, na ƙirƙiro Hajiya Bilki: matar wani mai tireloli a can bayan Ojoo. Hoton furanni na sa mata (mutuniyar kirki ce, ba ta son nuna fuska), na shigar da ita guruf a matsayin kwastomata.

Aikinta ɗaya ne tak, ta yabi yajina. "Wallahi ko a Kano ban ci irinsa ba." Ni kuma in amsa da babbar wayata, "Kai Hajiya, kina ba ni kunya." Ciniki kuwa ya buɗe.

Matsalar ita ce Bilki ta fi ni hali. Kullum da safe sai ta gaida kowa. Mai haihuwa ta yi mata barka, mara lafiya ta yi mata sannu. Har ta kai surukata Inna, wadda muke gida ɗaya da ita kuma tun da aka kawo ni ba ta taɓa cewa miyata ta yi daɗi ba, ta ƙulla ƙawance da ita. Inna ba ta karatun boko, sai ta tura mata saƙon murya. Bilki kuwa rubutu kawai take yi, wai maƙogwaro na damunta. Sai in shiga ɗaki in rubuta amsa, in fito in goge hannu, Inna ta miƙo min wayarta ta ce, "Ke 'yar nan, karanta min abin da ƙawata ta ce." In karanta mata da bakina: "Inna, ki riƙe surukar nan taki da kyau, irinta sun yi wuya." Inna ta gyaɗa kai ta ce, "To, tunda Bilki ta faɗa." Allah Ya sani daɗi nake ji kamar me.

Ana haka Inna ta ce ita fa sai ta je ta ga ƙawarta, har ta haɗa mata maganin maƙogwaro. Na ce Bilki ta yi tafiya. Ta dawo. Na ce ana gyaran gidanta. Aka gama. Ranar da Inna ta ciro mayafinta na unguwa ta ce gobe ba fashi, kaina ya ɗau zafi, na shige ɗaki na rubuta a guruf da wayar Bilki: "Wannan 'yarta ce. Allah Ya yi wa Mama rasuwa."

Ni a tunanina za a jera hoton fuska mai hawaye, a ce Allah Ya jiƙanta, shi ke nan a koma tallan atamfa. Na manta a inda nake zaune. A Sabo ba a ta'aziyya ta waya. Kafin azahar tsakar gidanmu ya cika, Inna ce ke karɓar gaisuwa, idonta jawur. Maman Sadiya, shugabar guruf, ta ce kowa ta ɗora tukunya, gobe sai Ojoo. Ni da kaina na tuƙa tuwon sadakar (har da ɗan kukana, don ganin Inna na kuka ya karya min zuciya).

Washegari muka cika bas da kuloli. Muna isa Ojoo direba ya juyo ya ce, "Alhaja, which side?" Duk aka kalle ni, tunda ni ce mai kai mata yaji. Na ce ya yi dama. Ya yi. Na ce ya yi hagu. Muka zagaya tashar mota muka sake ɓullowa gaban mai gasa masarar da muka wuce ɗazu, har ta ɗago mana hannu. Gumi ya jiƙa min hijabi.

Inna ta ce, "Ke kin ruɗe, mutuwa ce ta gigita ki. Maman Sadiya, kira lambar marigayiya, 'yarta za ta ɗauka."

Na buɗe baki in ce a bari, amma ina! Daga cikin jakata, nan bisa cinyata, waya ta fara kiɗa. Kowa ya juyo ya kalle ni. Na danne jakar da hannu biyu ina kallon taga kamar mai karanta allon talla. Kiran ya katse. Maman Sadiya tana kallona ta sake dannawa, jaka ta sake amsawa.

Inna ta sa hannu ta zaro wayar, ta juya ta. "Wannan ba wayar Baban Amira ba ce? Ni na ɗaura mata kyauron nan." Ta dube ni. "Ina Bilkin?"

Na ce, a hankali, "Ga ni, Inna."

Wata daga baya ta yi salati, wata ta fashe da dariya har da buga kula. Maman Sadiya ta ce, "Ikon Allah, ashe da gawar muka taho!" Direba bai gane komai ba, shi dai cewa yake mu faɗi inda za mu ko mu sauka. Haka muka sauke tuwon a tasha aka raba wa 'yan dako, suna ta yi wa mamaciya addu'a, ni kuma ina tsaye ina amsa amin.

Inna ta daɗe ba ta ce min uffan ba. Na fi son ta zage ni. Ran nan ina daka sai ta zo ta ajiye min ƙullin maganin maƙogwaron a gefen turmi, ta ce, "Ba ƙaryar ce ta fi ci min rai ba. Bilki tana can Ojoo amma kullum sai ta tambayi ciwon ƙafata. Ke ga ɗakinki ga nawa." Ta juya ta tafi. Wallahi wannan ya fi wayar da ta yi kuka a bas zafi.

Yanzu duk safiya nakan durƙusa a ƙofar Inna in tambayi ƙafarta da bakina. Matan unguwa kuwa sun canza min suna, yara ma cewa suke an aiko su sayen yajin Marigayiya. Abin da na koya shi ne, in har za ki ƙirƙiri mutum a waya, kada ki ba ta halin da ya fi naki. In kuwa kin ba ta, to kada ki kashe ta a Sabo.