Surukina Mai Hannu Shida

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida mahaifin Falmata, yarinyar da nake nema, a unguwar Kabara ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran tunani.

Sana'ata zanen bangon littattafai, irin na labaran aljanu da jiragen da ke zuwa wasu duniyoyi. Sai dai ban iya ƙirƙiro fuska ba, aro nake yi. (Kada ku ga laifina, fuska a Kano kyauta ce.) Da aka ba ni aikin zana sarkin dodanni, sai na zauna wurin mai shayi a Ƙofar Nassarawa, na kwafe wani dattijo mai shagon turare tsaf, har da giɓinsa. Na shafe shi da kore, na ƙara masa hannu huɗu da jela. Littafin kuwa ya yi kasuwa.

Ranar gaisuwa na sha babbar riga, Kawu Sani ya raka ni. Muka yi sallama a zaure, na durƙusa, na ɗago kai. Dodona ne zaune kan darduma, jela kawai ya rasa. Na ce a raina shi ke nan, Falmata ta tafi.

Alhaji Modu ya zaro littafin daga ƙarƙashin matashi. "Malam, an ce kai ne mai wannan aiki?"

"Baba, ai mutum da mutum sukan yi kama."

"Mutum da mutum dai."

Kawu ya dubi littafin, ya dubi Alhaji, ya ce, "Wallahi Alhaji, ni ma yau na san sana'ar yaron nan." (Shi ya saya mini fentin farko.)

Alhaji ya ce, "Koren bai dame ni ba. Jelar ma na yafe. Amma hannu shida, kowanne da takobi, ko ɗaya babu carbi? Ga kai ba hula kamar ɗan tasha? Ni da na sauke Alƙur'ani a Borno?"

Ya miƙo mini biro. Nan a durƙushe na ɗora wa dodo hula zanna bukar, na rataya masa carbi, mata suna ta ƙyaƙyata dariya daga cikin gida. Ya duba, ya ce a ƙara wa hular tsayi.

An dai ba ni Falmata. Amma yanzu kafin in ari fuskar dattijo, sai na bincika ko yana da 'ya.